Ɗaga Hilux don ta ɗauki manyan tayoyi: ku ba ni shawara kafin damina ta kankama

Alhaji Bala Rigachikun: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara ta kawo ni. Ina da Hilux ƙirar 2013, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, mai oksilari, wato mai ja da ƙafa huɗu. Da ita nake zirga-zirgar gonata da ke bayan Saminaka, in kai taki, in ɗauko masara. A kwalta ba ni da matsala da ita. Amma daga inda aka sauka titi har gona hanyar tarakta ce, da ruwa ya zauna sai tayoyin tarakta su haƙe gefe da gefe, tsakiya ta yi tudu. A nan cikin motar ke zama daɓas, tayoyi na ta juyawa a banza. Yaron wajena ya nuna min bidiyon Turawa da suka ɗaga irinta inci 4, wasu ma 6, suka sa mata tayoyi masu inci 33 da 35. Nawa na yanzu 265/65R17 ne, kuma sun cinye, dama sayen wasu ya zama dole. In ɗaga ta in sa manyan ne, ko kuwa? Kuma wa ke wannan aiki tsakani da Allah a nan Kaduna?

Sadiq Malali: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Wallahi ka ɗaga ta kawai. Tawa Hilux Revo ce, na ɗaga ta inci 3, na sa 285/70R17 masu manyan haƙora. Duk lungunan Ɗanbushiya da Rigasa da ruwa ke cinyewa ba inda ban shiga. Ga kwarjini kuma, in ka tsaya a danja kowa sai ya waiwayo.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Alhaji barka da yamma. Kafin Sadiq ya kashe maka kuɗi, ka amsa min abu biyu. In ta zauna, wane waje ne ke cin ƙasa? Farantin da ke ƙarƙashin inji, ko tsakiyar mota wajen giyabos, ko kuwa tulun aksul ɗin baya? Sannan da lodi take zama ko ko da ba komai a bayanta?

Alhaji Bala Rigachikun: Oga Isuhu, in babu kaya tana wucewa da ƙyar. In da kaya ne take zama. In yara suka shiga da shebur, tulun nan na baya suke tararwa ya nutse cikin tudun, har da safayar taya da ke rataye a ƙasa duk ta kwashi laka.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: To Alhaji, ka riga ka ba wa kanka rabin amsa. Ko inci 10 ka ɗaga motar nan, tulun aksul ɗin baya yana nan inda yake, ba zai tashi ko da kaurin farce ba. Dalili kuwa, aksul ɗin baya ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe daga wannan taya zuwa waccan, a kan tayoyi yake zaune, sifirin kuma a samansa yake. In ka ƙara wa sifirin tsawo, shasi da bodi ne za su yi sama su bar aksul a ƙasa. Abu ɗaya ne ke ɗaga tulun nan daga ƙasa a irin wannan mota: tsayin taya. Shi ya sa nake ce wa masu zuwa garejina, ɗagawa ba ita ce maganin ba, hanya ce kawai ta samar wa babbar taya wurin zama, kuma ko wannan ɗin ma da sauran magana.

Sadiq Malali: Ai shi ya sa na ce ya haɗa biyun Oga. Ya ɗaga, ya sa manya.

Malam Nura Unguwar Rimi: Ku bari malamin lissafi ya ci albashinsa. Lambobin jikin taya ba ado ba ne. 265 faɗinta ne a milimita. 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. 17 kuma girman wili ne a inci. In aka buga, tayar Alhaji ta yanzu tsayinta milimita 776 ne daga ƙasa zuwa sama. 265/70R17 tana da 803. Ta Sadiq, 285/70R17, wadda ake kira inci 33, tana da 831.

Amma fa rabin ƙarin ne kaɗai ke shiga tsakanin aksul da ƙasa, ɗaya rabin yana sama cikin madigadi. Wato 265/70 za ta ƙara maka milimita 13, ta Sadiq kuma 27, inci ɗaya da 'yan kai ke nan. Ko mai inci 35 ɗin da yaron Alhaji ya gani, abin da za ta ƙara bai wuce inci 2 da kaɗan ba.

Alhaji Bala Rigachikun: Ikon Allah. Duk wannan hidima a kan inci ɗaya?

Sadiq Malali: Baba Alhaji kar lissafin Malam ya karya maka gwiwa. A cikin taɓo inci ɗaya shi ne bambancin wanda ya kwana gida da wanda ya kwana daji. Kuma ba aksul ne kaɗai ke taɓa ƙasa ba. In za ka gangara rafi ka haura, bamba ta gaba da ta baya da tsakiyar mota ne ke bugawa, kuma waɗannan ɗagawa na taimakonsu sosai.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Wannan kam gaskiyarka ce ƙanena, ban musa ba. Gaba ma ba kamar baya ba ne, tunda kowace taya da nata hannun, in an ɗaga farantin ƙarƙashin inji yakan ɗan tashi. Sai dai matsalar da Alhaji ya kawo ba ta haura rafi ba ce.

Alhaji, buhu nawa kake ɗora mata?

Alhaji Bala Rigachikun: Ya danganta. Masara goma sha biyu zuwa sha biyar, in hanya ta bushe.

Hajiya Maryam Barnawa: Subhanallah, Alhaji! Buhu sha biyar mai kilo 100 ai tan ɗaya da rabi ke nan. Motocin nan masu ƙofa huɗu abin da aka yi su su ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, wasu ma bai kai ba, kuma har da nauyin mutanen da ke ciki ake lissafawa. Ni da nake ɗauko citta daga Kachia na sani, direba in ba a sa masa ido ba sai ya mayar da ita tirela.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Hajiya ta riga ni. Alhaji ina da tabbacin in na leƙa ƙarƙashin motarka zan tarar ganyayen sifirin ɗin baya sun miƙe sambal, wataƙila ma sun fara lanƙwasa ta baibai. Mota ta 2013 da ke cin irin wannan lodi, ba mamaki ta riga ta zauna inci ɗaya ko biyu ƙasa da yadda ta fito daga kamfani. Shi ya sa safaya ke sharar laka. Ka ga kafin a yi zancen ɗaga ta sama da asali, sai a fara mayar da ita asalin tukuna.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ka ajiye ta a daɓen siminti ba kaya, ka sa tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, duka ƙafa huɗu. Daga tsakiyar wili fa, ba daga ƙasa ba, don kar iskar taya ta ruɗe ka. Ka rubuta. Ran da aka yi lodi ka sake aunawa. Ka kuma duba robar nan da ke hana aksul dukan shasi, in ta yi sulɓi ko ta fashe, to a kanta motar ke tafiya, ba a kan sifirin ba.

Baba Garba Direba: Yaran zamani da son babbar taya. Mu da muka ja Fijo 404 da 504 a-kori-kura, ba oksilari ba komai, taya siririya, amma har ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa muna shiga da damina. Land Rover ta ma'aikatar gona ma 7.50-16 take sawa, doguwa siririya. Siririyar taya yanka taɓo take yi ta tarar da ƙasa mai ƙarfi. Mai faɗi kuwa sai ta hau kan laka tana sulɓi. Faɗi na yashi ne, mu kuwa nan jar ƙasa ce da laka.

Sadiq Malali: Baba, zamanin 504 ai ya wuce, Allah ya ba ku lada 😄

Baba Garba Direba: Motar ce ta wuce ɗana, lakar tana nan yadda ka san ta.

Ɗanladi Mai Taya: Maganar Baba tana kan hanya, kuma har yanzu ana samun irin tayar da yake nufi. 235/85R16 tsayinta kusan ɗaya da 265/70R17, wajen milimita 806, amma ta fi ta siranta da santimita 3. Ita ake yawan gani a Land Cruiser ta aiki. Matsalarta sai an sauya wili zuwa 16, kuma sai an gwada an ga wilin bai taɓa birkin gaba ba. Ga Alhaji da ke da wili 17 a hannu, ban ga dalilin ƙarin wannan kashe kuɗin ba.

Malam Nura Unguwar Rimi: Akwai abin da ban ƙarasa ba ɗazu. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, mota kuma juyin take ƙirgawa. Da 285/70 maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudunka da kusan kashi 7 cikin 100 in an kwatanta da yadda yake nunawa yanzu. Inda allura ke kan 100, ka ƙara wajen 7 a kai. Haka ma kilomitocin da take ƙirgawa, za su riƙa yin ƙasa, sai lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba ka sani ba. Da 265/70 bambancin kashi 3 da ɗan ɗori ne.

Kashi 7 ɗin nan kuma daga ƙarfin jan motar ake cire shi. Kowace giya ta ƙara tsawo.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Nan ne ma abin ya fi shafar Alhaji. Revo ɗin Sadiq dizal ce mai tobo, ko ba haka ba?

Sadiq Malali: 2.8 ce Oga.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Ka ji. Injin dizal tun daga ƙasa yake da ƙarfin ja, ba zai damu sosai ba. 2.7 na fetur inji ne mai juriya, ba ya ba mu wahala a gareji, amma sai an taka shi yake ja. Ka ɗora masa tan ɗaya, ka ba shi taya mai nauyi da tsayi, ka ce ya tashi a hawa cikin laka, kulochi ne zai biya bashin. Inda kake wucewa da giya huɗu sai ka koma uku. Turawan da kake gani da inci 35 yawanci sun sauya haƙoran cikin aksul gaba da baya don su dawo da ƙarfin, wannan kuwa ba a nuna shi a bidiyon minti ɗaya.

Hajiya Maryam Barnawa: Ga shan mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ni duk abin da zai ƙara wa mota ko lita ɗaya ba na maraba da shi. Kaduna zuwa Saminaka ba nan kusa ba ne, kuma kusan duk tafiyar a kwalta ce. Saboda ɗan guntun da ke ƙarshe za a hukunta dukkan tafiyar?

Amma ni ba mai ne ya fi damuna ba, kifewa ce. Duk wanda ke bin hanyar Kachia ta Kujama da Kasuwan Magani ya san yadda ake kauce wa rami ko ɗan acaɓa ba shiri. A-kori-kura dama doguwa ce, ga buhuna an tula har sun wuce kan direba, wani lokaci ga leburori a samansu. Ka ƙara mata inci 4, ranar da aka fizgi sitiyari sai dai Allah ya kiyaye.

Malam Nura Unguwar Rimi: Hajiya kin tuna min. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabba a hanya, a gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, tayoyin gefe ɗaya suka tashi sama, saura ƙiris ta kife. Bidiyon ya zaga duniya. Wannan fa mota ce yadda ta fito daga kamfani, ba wanda ya ɗaga ta. Ba wai motar ba ta da kyau ba ne, duk abin hawa mai tsayi haka yake, iyakarsa kusa take.

Sadiq Malali: To ai shi ya sa ake sa sifesa a wili, wato farantin ƙara tazara, tayoyi su fito waje, mota ta ƙara faɗi ta zauna daram. Ni na sa.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Sadiq, Allah ya shirye ka 😄 Kowane gyara naka sai ya haifi wani. Ka tura taya waje, nauyi ya bar kan boris ya koma gefensa, boris ya riƙa mutuwa da wuri. Taya kuma in ta fito waje, da'irar da take yi in an karya sitiyari ta ƙaru, sai ta fi saurin cin bodi. Gaya min gaskiya, in ka karya kan motar gaba ɗaya kana ribas, ba ka jin gurrr?

Sadiq Malali: Da farko tana yi. An cire robar taren laka, an ɗan gasa robar cikin madigadi an tura ta, an kuma ɗan rage ƙarfen da ke bayan taya. Yanzu shiru.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Jama'a ku ji da kyau, wannan shi ne abin da na ce da sauran magana. Motarsa an ɗaga ta inci 3, amma sai da aka yanka ƙarfe kafin taya ta zauna. Me ya sa? A gaban Hilux tun daga ƙirar 2005, kowace taya tana kan hannuwa biyu ne, na sama da na ƙasa, da shokozoba mai sifirin naɗe a jikinta. Taya tana hawa da sauka tsakanin iyaka biyu. Ɗagawa ba ta matsar da iyakar sama yadda mutane ke zato, wurin da taya ke tsayawa in mota na hutawa ne ya sauko. Ranar da ka faɗa rami da kaya, taya za ta koma can saman da take zuwa tun asali, in ba ta da wuri a can sai ta ci bodi. Kuma ƙarfen da aka rage masa ɗin nan ba ƙarfen banza ba ne, kujerar da bodi ke zaune a kan shasi ce. In za a taɓa ta, sai mai walda da ya san aikinsa ya sake rufe ta da faranti mai kauri.

Malam Nura Unguwar Rimi: Akwai wani kamfani na ƙasar Aisland, Arctic Trucks, da ke sa wa Hilux taya mai inci 35 saboda tafiya kan ƙanƙara. Abin lura, ba sa ɗaga ta can sama. Bodin suke yankewa su faɗaɗa mazaunin taya, ɗagawar kaɗan ce. Su da abin ya zame wa sana'a ke nan.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Sannan ga abin da ke biyo bayan wuce inci 2 a gaba. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi tayoyin gaba an yi shi ya yi aiki kusan a miƙe. In ka ɗaga da yawa sai ya karkace, robarsa ta riƙa gugar kanta har ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na hannun sama shi ma ya kai ƙarshen lanƙwasarsa. Mai alaimen ya yi iya yinsa ya kasa dawo da ita daidai, mota ta riƙa yawo a titi, sabuwar taya ta cinye ta gefe ɗaya. Shi ya sa masu wuce inci 2 suke sauya hannun sama gaba ɗaya, wasu su sauko da aksul ɗin gaba kaɗan. A baya kuma furofela na iya fara rawa in za ka tashi, tiyon birki ya ɗame.

An taɓa jawo min wata daga wani gareji, ba zan faɗi ko ina ba ne, an cusa mata sifesa mai kauri a kan shokozoba. Boljoyin ya fita ana cikin tafiya, taya ta kwanta. Allah ya taƙaita a cikin gari ne, ba gudu ake ba.

Shamsu Tudun Wada: Oga to ai ba sai an sayi na waje ba. A Panteka in ka kai samfur za a yanka maka sifesa da dogon shakul, wato maratayin sifirin, da bulo na baya, duk a rana ɗaya, kuɗin bai kai na taya ɗaya ba.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Shamsu, ni Panteka ba baƙona ba ne, akwai masu hannu a can da in suka yi maka abu sai ka rantse daga kamfani ya fito. Ba hannunsu nake ji ba. Tambayar ita ce wane irin ƙarfe, kuma wa ya auna kaurin. Mutane ba su san cewa sifesar gaba kusan ninki biyu take bayarwa a taya ba, ka sa mai inci 2 kana zaton inci 2 za ka samu, sai ka ga mota ta yi sama kusan 4. Bulo a ƙarƙashin sifirin kuwa, ga mai ɗaukar kaya ban yarda da shi ba sam. Bai ƙara wa sifirin ƙarfin ɗaukar ko mudu ɗaya ba, gajiyayyen sifirin ɗin nan dai shi ne, an ɗora shi a kan dakali. In ka taka mota cikin laka aksul ya riƙa murɗawa yana tsalle. In kuma aka mayar da tsofaffin yubol, ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, to sai addu'a.

Shamsu Tudun Wada: Amma dai mutane na yi kuma suna tafiya.

Hajiya Maryam Barnawa: Suna tafiya, suna kuma kashe mana ido da dare. Duk wanda ya ɗaga mota ko ya danne bayanta da kaya, don Allah ya je a saita masa fitila. A bin baifas da dare in irinsu suka taho ta gaba sai ka rasa inda titi yake.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Hajiya ta tuna min da birki. Alhaji, taka tana da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki? In ka kunna makulli za ka ga alamar ta kawo ta ɗauke.

Alhaji Bala Rigachikun: Ban taɓa lura ba, sai na duba gobe in Allah ya kai mu.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Ka duba. Waɗanda ba su da shi suna da wani bawul a baya, da ɗan siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa ya ji nauyin kaya: in bayan mota ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya ya rage don kar taya ta kulle. In ka ɗaga baya ba ka gyara wannan ƙarfen ba, bawul zai ɗauka motar ba kaya ko da an yi lodi, birkin gaba kaɗai ya riƙa shan wahala. Ga babbar taya dama ta fi wuyar tsayarwa. Kanikawa da yawa ba sa waiwayarsa.

Ɗanladi Mai Taya: Bari in faɗi nawa ɓangaren, ko da yake ni babbar taya ta fi min riba. Alhaji, abin da ya kamata ka duba kafin tsayi shi ne lambar nauyi da ke bayan girman. In ka ga 112, kowace taya kilo 1,120 take ɗauka. In ka ga 121, kilo 1,450. Ka nemi mai LT a jiki, wato ta ƙananan motocin kaya, gefenta ya fi kauri, kututturen masara da ƙaya ba sa huda ta da sauƙi. Sai dai ta fi tauri in ba kaya, kuma tana son iska fiye da wadda ka saba.

Haƙora kuma iri biyu ne. MT ta laka ce zalla, tana tofar da taɓo da kanta, amma a kwalta kuka take yi tun daga Maraban Jos har Pambeguwa, tana saurin cinyewa, kuma in an yi ruwa a kwalta birkinta bai kai na sauran ba. AT tsaka-tsaki ce, sai dai in laka mai danƙo ce takan cike ta zama sulɓi. Kai ka san hanyarka, kai za ka zaɓa.

Na uku, shekara. A gefen taya bayan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tunda Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a ƙasar nan wajen 2007 da 2008, kusan duk tayar da muke sayarwa daga waje take zuwa, wata ta daɗe a sito kafin ta iso. Manyan nan na 33 da 35 kuwa, da yake sababbinsu tsada, yawancin na kasuwa 'yan Beljiyam ne da suka gama rayuwarsu a wata ƙasa. Haƙora ga su nan, roba ta bushe. Jami'an kiyaye haɗurra ma wannan lambar suke dubawa.

Kuma biyar za ka saya, ba huɗu ba. Mota mai oksilari ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran. A tabbatar kuma safayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Sannan ka yi tunanin ranar da taya ta fashe maka a Lere ko Saminaka, wace ce za ka samu a kusa? 265 ana samu. 285 sai an aiko maka daga Kaduna ko Jos.

Baba Garba Direba: Kuma in ka iso bakin laka ka sa oksilari tun kafin ka shiga, ba sai ta zauna ba. Ka ɗan rage iska. Kar ka bi ramin tarakta, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗaya a gefen hanya. In ka hau kwalta ka cire oksilari, ka nemi mai faci ya mayar maka da iska. Wannan ba ko sisi.

Alhaji Bala Rigachikun: Baba Garba wani wajen gefen gonar mutane ne, in ka taka musu shuka sai an kai ka gaban mai unguwa. Amma na ji.

Oga Isuhu, in kai ne da motar me za ka yi?

Oga Isuhu Kurmin Mashi: Sabon sifirin na baya mai ɗaukar nauyi, cikakke, ba ƙarin ganye ɗaya a kan gajiyayye ba, da sababbin yubol da bushin, da shokozoba da ta dace da tsawonsa. Gaba a sauya sifirin da shokozoba su ma, kar a wuce inci 2. Akwai na kamfanonin Old Man Emu da Ironman da Dobinsons da aka yi wa wannan ƙirar musamman, in aljihu ya ɗauka, sai dai a kula da jabu. In bai ɗauka ba, sabo irin na asali ma zai dawo maka da abin da ka rasa. Taya 265/70R17 mai LT, yawanci tana shiga ba yanka, iyaka a taɓa robar taren laka. Alaimen a ranar, a sake ɗaure yubol bayan ta ɗan yi tafiya. Amma ka sani, sifirin mai ƙarfi zai hana ta zama ne kawai, bai ƙara wa aksul da birki da shasi ƙarfi ba. Buhu sha biyar ɗin nan a raba shi sawu biyu, ko tarakta ta fito maka da shi bakin titi.

Sadiq Malali: Duk wannan don milimita 13? Ni dai Baba Alhaji in ka ga tawa a fili za ka canza ra'ayi. Ranar Asabar ina Murtala Square da safe, ka zo ka ja ta da kanka.

Hajiya Maryam Barnawa: A ɗora mata buhu goma tukuna kafin ya ja.

Sadiq Malali: Haba Hajiya, bayan motata ko ƙwarzane babu 😭

Alhaji Bala Rigachikun: Zan zo in gani Sadiq, kallo ai ba a biya. Oga Isuhu, gobe zan auna ƙafafun huɗu in turo maka da hoton sifirin da na alamar ABS ɗin. Ɗanladi, ka bincika min 265/70R17 mai LT guda biyar, AT da MT duka ka turo min farashin kowanne ta akwatin sirri, da hoton lambar shekararsu.

Ɗanladi Mai Taya: An gama Alhaji. Farashin na ranar ne fa, da dala yake tafiya.

Oga Isuhu Kurmin Mashi: In za ka ɗauki hoton, a wanke lakar tukuna, ka ɗauka ta gefe yadda zan ga lanƙwasar ganyen da shakul ɗin baya. Ka haɗa min da na robar shaf ɗin gaba, dama da hagu.